Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Muna rubuta muku wannan a tsakiyar rani, sa'ad da lambatu ya bushe, ƙura ta lulluɓe tituna, maganar ruwa kuma ta fita daga bakin mutane. Da gangan muka zaɓi wannan lokaci, gama abin da za mu tattauna a kansa ba ya yiwuwa a cikin watan Agusta, lokacin da kowa ke riƙe da bokiti yana kwalfe ruwa daga ɗaki. Maganar kuwa ita ce ta jama'ar da ƙasarsu ke neman ta gagare su zama saboda sauyin yanayi, da kuma shirin da ya kamata a yi tun kafin ranar tashi ta zo.

A wata damina da ta wuce, bayan ruwan da aka kwana ana shatatawa, mun kai ziyara gidan wani mai bi a Babban Giji. Ɗakin da yake haya yana cikin kwari, ruwa kuma ya shiga har gwiwa. Mun iske uwargida ta shimfiɗa takardu a rana tana danne su da duwatsu, katin baftisma na yara, takardun makaranta, da shaidar aure wadda tawadarta ta riga ta narke. A gefe guda kuma ga wani dattijo zaune a kan turmi, kawun maigidan ne, wanda ya baro ƙauyensu a kwarin Haɗeja bayan ambaliya ta cinye masa gona shekara biyu a jere. Da muka gaishe shi muka ce, "Baba, sannu da wannan jarraba," sai ya yi murmushi irin na wanda ya gaji, ya ce, "Fada, na gudo wa ruwa, na zo birni na tarar ya riga ni isowa."

Maganar dattijon nan ta daɗe tana yi mana yawo a zuci. Ta nuna mana cewa akwai bambanci mai girma tsakanin gudu da ƙaura. Mai gudu da dare yake tashi, da abin da hannunsa ya iya ɗauka, bai san inda zai kwana ba, sau da yawa kuma yakan faɗa cikin irin haɗarin da ya baro. Mai ƙaura kuwa ya riga ya ga wurin da za shi, ya yi shawara da mutanensa, ya san abin da zai ci idan ya isa. Dukansu biyu sun bar gida, amma ɗaya ya tafi da mutuncinsa, ɗayan ya bar nasa a cikin laka. Abin da muke so mu faɗa a yau shi ne, akwai 'yan'uwanmu da tashi ya zama musu dole nan gaba, aikinmu na Ikilisiya kuma shi ne mu yi ƙoƙari tashin nan ya zama ƙaura, kada ya zama gudu.

ABIN DA IDANUNMU SUKA GANI

Ba labarin wata ƙasa mai nisa muke bayarwa ba. Iyayenmu suna tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka mutu, mutane suka kwararo birni daga arewa. Waɗansunmu muna yara a watan Agusta na 1988, sa'ad da aka yi kwanaki ana ruwa a Kano har madatsar Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe. A 2001 ruwa ya tumbatsa a madatsun Tiga da Challawa, ya mamaye garuruwa a wajen Kura, Warawa da Wudil, ya gangara har cikin Jigawa. A 2022 kuwa ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. A shekarar nan mutanen Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja sun kwana a azuzuwan makarantu, a nan cikin birni kuma ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta cika Maiduguri da ruwa, shekara talatin bayan irin wannan ta faru a 1994, har babbar majami'armu ta Waliyi Patrick ba ta tsira ba. Ran 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya auka wa Mokwa a Jihar Neja mutane suna barci, ya kashe fiye da mutum 150, da yawansu kuma mazauna Unguwar Hausawa ne.

Wani zai yi tambaya, yaya ƙasar da ke kukan fari da kwararowar hamada za ta koma kukan ambaliya? Masana sun ba da amsa. Hayaƙin man fetur, gawayin kwal da iskar gas da duniya ke ƙonawa ya taru a sararin sama yana riƙe zafi. Iska kuwa idan ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya, takan iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Saboda haka ruwan da a dā yakan sauko a hankali cikin makonni, yanzu yakan yi jinkiri har shuka ta yi yaushi, sa'an nan ya zubo gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan a kan ƙasar da ta bushe, wadda kuma aka sare itatuwanta. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Bankin Duniya kuma ya yi ƙiyasi a 2021 cewa idan ba a ɗauki mataki ba, mutanen da sauyin yanayi zai tilasta wa barin gida zuwa wani wuri a cikin ƙasashensu za su iya kai miliyan 86 a Afirka kudu da Sahara kafin 2050. Alhali kuwa Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ya jawo wannan.

Amma kada mu ɗora wa sama laifin da yake namu. A kwarin Haɗeja ciyawar kacala da yashi sun toshe hanyoyin kogi, ruwa kuma ya koma neman hanya ta cikin gonaki da gidaje. A nan Kano an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, alhali su ne a dā suke shanye ruwan unguwa. Ruwan da ke sauka a Tarauni da Gyadi-Gyadi tilas ya gangara kudu ya nemi kogin Challawa, mu kuwa mun tare masa hanya da katanga, da shago, da leda, da shara. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko an shekara ashirin da toshe ta, ranar da ya yi ƙarfi zai dawo ya neme ta.

SHIRI BA RASHIN BANGASKIYA BA NE

Sau da yawa idan muka ta da wannan magana, sai wani mai bi ya ce, "Fada, Allah ne mai tsarewa. Abin da ya ƙaddara ba makawa." Gaskiya ne Allah ne mai tsarewa, ba kuwa wanda zai ƙara wa ransa sa'a ɗaya ta wurin damuwa. Amma mu duba yadda Allah ya saba tsare bayinsa. A Littafin Farawa, tun daga sura 6, da Allah ya nufa ya ceci Nuhu, bai ɗauke shi zuwa sama ba. Gargaɗi ya yi masa, ya ba shi awon jirgi, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, ya bar shi da gatari da katako da ƙaro. Nuhu ya sassaƙa jirginsa ne a busasshiyar ƙasa, babu ko gajimare a sama. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 11, ta lissafta wannan sassaƙa a matsayin aikin bangaskiya. Watau bangaskiyar Nuhu a cikin gatarinsa aka gan ta.

Mu kuma tuna da ranar da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya dira ƙasa tun da mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya kuma koya mana cewa jefa kai cikin haɗari da gangan, da sunan dogara, gwada Allah ne. Wanda ya ga alamar ruwan bara a jikin bangonsa, ya ji sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta hukumar lura da koguna, sa'an nan ya kwantar da 'ya'yansa a wannan ɗaki ba tare da ya san inda zai kai su idan ruwa ya taso ba, ya kamata ya tambayi zuciyarsa ko dogara yake yi, ko kuwa gwaji. Gargaɗi ma alheri ne daga wurin Allah, ko da ta bakin rediyo ya zo.

Ikilisiya ba ta yi shiru a kan wannan ba. Tun a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta 1990, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana lalacewar muhalli a matsayin matsalar ɗabi'a da lamiri. A 2015 Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', inda ya ja hankali ga matalautan da lalacewar ƙasa ke kora daga gida, waɗanda dokokin duniya ba su ɗauke su a matsayin 'yan gudun hijira ba. A watan Maris na 2021 kuma fadar Batikan ta fitar da jagora ta musamman a kan kiwon mutanen da sauyin yanayi ya raba da gidajensu. Jagorar nan ta jera aikin daki-daki: a fara neman hanyar da mutane za su iya ci gaba da zama a ƙasarsu, idan hakan ya gagara a shirya su domin tashi, sa'an nan a taimaka musu su zama 'yan gari a inda suka sauka. Mu lura da wannan jeri. Ƙaura magani ne na ƙarshe. Inda yashe kogi, gina jinga, dasa itatuwa ko buɗe magudana zai isa, kada a ce wa kowa ya tashi.

GONAR NABOT

Ya kamata mu yi wa maganar tashi ladabi, gama ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya bar inda aka binne cibiyarsa. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, sarki Ahab ya nemi Nabot ya ba shi gonar inabinsa, ya yi masa tayin wata gona da ta fi ta kyau, ko kuwa kuɗi. Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ce. Littafi Mai Tsarki bai kira Nabot mai taurin kai ba. Ahab da Yezebel, waɗanda suka kashe shi suka ƙwace gonar, su ne annabi Iliya ya kai wa hukuncin Allah. Saboda haka idan dattijo ya ce ba zai bar ƙauyensa ya zama kufai ba, kada mu ɗauke shi jahili. Fadamar nan ita ce rumbunsa, tsamiyar nan ita ce majalisarsa, iyayensa kuma suna kwance a bayan gari.

Labarin Nabot yana kuma yi mana kashedi cewa ana iya fakewa da maganar ƙaura a ƙwace ƙasar talaka. Ƙasarmu ta riga ta ga tashe-tashen da hukuma ta shirya, ko da yake dalilinsu gina madatsun ruwa ne. Da aka gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an tashi kimanin mutum 44,000, aka gina musu sababbin garuruwa, ciki har da Sabuwar Bussa, tun kafin ruwa ya rufe tsohuwar. An yi gunaguni a kan fasalin gidajen, amma mutane sun iske rufi a kansu. A Bakolori kuwa, kusa da Talatar Mafara, manoma sun rasa gonakinsu, diyya ta yi ta jinkiri, suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilu na 1980 kuma aka murƙushe su da ƙarfin bindiga, aka zubar da jini mai yawa. Darasin a fili yake. Tashin da aka shirya a ofis ba tare da masu tashin ba, ko an kira shi ci-gaba, yakan ƙare da kuka.

Ya kuma kamata kowane mai bi ya san abin da doka ta ce. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Idan hukuma ta karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da mutum ya ƙara a kan ƙasar. Wanda ba shi da wata shaida yakan sha wuya wajen neman nasa. Ɗan haya kuwa, wanda shi ne mafi yawanmu a Babban Giji da Tarauni, sau da yawa ba ya cikin lissafi sam, gama sunan mai gida ake rubutawa. Idan Ikilisiya ba ta yi magana domin ɗan haya da gwauruwa ba, wa zai yi?

WANI MISALI DAGA NESA

Akwai wurin da Ikilisiyarmu ta riga ta sa hannu a irin wannan aiki, yana da kyau mu ji labarinsa. A tekun Fasifik, a ƙasar Papuwa Niyu Gini, akwai 'yan tsibirai da ake kira Kataret. Teku na cin gaɓarsu, ruwan gishiri kuma ya shiga gonakinsu ya kashe abincin da suke nomawa. Dattawansu ba su jira ranar da igiyar ruwa za ta kore su ba. Sun ɗora wa wata 'yarsu, Ursula Rakova, nauyin shirya musu ƙaura zuwa babban tsibirin Buganbil. Dayosis ɗin Katolika na wurin ya ba su fili a Tinputz, iyalan farko kuma suka isa a 2009. Ba a yi abin cikin sauƙi ba, har waɗansu daga cikin na farko suka koma gida. Amma an ci gaba. Aka riƙa kai shugabannin masu zuwa wurin masu masauki, ana kawo na masu masauki su ga halin da tsibiran ke ciki, domin a san juna kafin a zama maƙwabta. Aka gina gidaje kaɗan-kaɗan, aka dasa koko da itatuwan abinci domin iyalai su sami abin dogara. Masu tashin su ne suka riƙe ragamar shirin, Ikilisiya kuma ta ba da abin da take da shi, watau ƙasa da amana.

ABIN DA ƘAURA TA GARI TA ƘUNSA

Daga Littafi Mai Tsarki da kuma waɗannan misalai, muna ganin abubuwa biyar da ba a ƙaura ta gari sai da su.

Na fari, shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen gari sun san inda ruwa ya tsaya a 2001 da inda ya kai a 2022, sun san tudun da bai taɓa nutsewa ba. A zauna da su tun daga farko, a kuma tabbata an ji muryar mata, gama su ne suka san nisan rijiya da na asibiti, da ta matasa, da ta makiyayan da ke da burtali a wurin.

Na biyu, ƙasa da takarda. A Irmiya sura 32, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi kuma yana tsare, duk da haka ya sayi gona a Anatot. Ya auna azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a like ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Annabin da ya fi kowa sanin cewa bauta na zuwa, shi ne ya fi kowa kula da takarda, domin begensa ga Allah bai hana shi bin ƙa'ida ba. Kada jama'a su yarda su tashi bisa alkawarin baki. Kowane iyali ya sami shaidar filinsa a sabon wuri, a rubuce, kafin a cire jinka ko kwano ɗaya.

Na uku, abin yi. Gida ba tare da sana'a ba kurkuku ne mai fenti. Idan aka kai masunci kan jigawa mai nisa da ruwa, ko aka raba manomin rani da fadamarsa, to, kafin damina biyu zai sayar da filin ya koma bakin kogi. Inda zai yiwu, a matsar da gidaje zuwa tudu mafi kusa, a bar wa mutane gonakinsu su riƙa zuwa. A kuma fara kai rijiya, makaranta da hanya kafin a kai mutane.

Na huɗu, matattu da wuraren ibada. Da Isra'ilawa za su fita daga Masar, a cikin dukan gaggawar daren nan, Musa bai manta da ƙasusuwan Yusufu ba. Sun yi ta ɗauke da su shekara arba'in a jeji har aka binne su a Shekem. Jama'a ba tarin ɗakuna ba ce. A yi maganar maƙabarta, a keɓe filin majami'a da na masallaci, a bar maƙwabta su sauka kusa da juna yadda suke a dā, domin zumunci ma dukiya ce da ruwa ke iya cinyewa.

Na biyar, masu masauki. Babu filin da ba shi da mai shi. Idan aka kawo baƙi aka gina musu rijiya da makaranta, 'yan gari kuwa suna kallo ba su da ko ɗaya, an shuka gaba ke nan. Abin da za a yi wa masu zuwa, a yi shi yadda masu masauki ma za su amfana.

MU NA BABBAN GIJI

Dayosis ɗinmu ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, saboda haka ƙauyukan da ruwa ke barazana gare su da unguwannin da mutanensu ke gudowa duka a ƙarƙashin kiwo ɗaya suke. Mu mazauna Babban Giji, Gyadi-Gyadi, Tarauni da Unguwa Uku muna tsaye a wuri biyu lokaci guda. Mu ne masu masauki, gama a tashar Unguwa Uku da yawa daga cikin masu zuwa suke sauka, a ɗakunanmu kuma suke kwana. Mu ne kuma masu zama a bakin haɗari, gama ɗaki mafi araha shi ne wanda ke cikin kwari ko a gefen lambatu, can kuwa ne baƙo da talaka suke ƙarewa.

A matsayinmu na masu masauki, mu tuna da Bo'aza. Yunwa ce ta fitar da Na'omi daga Baitalami zuwa Mowab, ta dawo gwauruwa tare da surukarta Rut, baƙuwa. Bo'aza bai tsaya ga ba Rut sadaka ba, ya bar ta ta yi kala a gonarsa, ya hana ma'aikatansa su wulaƙanta ta. Daga zuriyar baƙuwar nan Dawuda ya fito, daga gidan Dawuda kuma Mai Cetonmu. To, mai gida Kirista da ya ninka kuɗin haya domin ya ga mutane sun matsu, ko dillalin da ya sayar wa baƙo fili alhali ya san hanyar ruwa ce, yaya zai miƙa hannu ya karɓi Jikin Kristi ran Lahadi ba tare da ya fara tuba ba?

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar faris, tare da kwamitin adalci da zaman lafiya, da Zumuntar Mata, da matasa, da ƙungiyar Waliyi Vincent de Paul, su yi waɗannan ayyuka kafin ruwan fari ya sauka. A zaga gida-gida a rubuta iyalan da ruwa ya taɓa shiga ɗakunansu, a ware tsofaffi, marasa lafiya, masu juna biyu da naƙasassu. Kowane irin wannan iyali a haɗa shi da wani iyali da ke kan tudu, wanda ya yarda tun yanzu zai buɗe masa ƙofa ko da tsakar dare ne. A tattara kwafin muhimman takardu, na haihuwa, na makaranta, na fili da na haya, a ajiye a ofishin faris, wannan ita ce tukunyar Baruk tamu. A buɗe asusu, ko da ta hanyar adashi ne, domin taimaka wa iyalin da ya yanke shawarar barin ɗakin kwari ya biya hayar wani wuri. Katikis-katikis na ƙananan majami'unmu na ƙauye kuma su zauna da dattawa su rubuta tarihin ruwa a garuruwansu, su aiko wa ofishin Dayosis, domin idan za a je gaban ƙaramar hukuma ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, a je da hujja a hannu.

Kada kuma mu yi wannan mu kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ruwa ba ya tambayar sunan mai ɗaki ko addininsa kafin ya shiga, lambatun da ya toshe a ƙofar maƙwabcinmu Musulmi kuwa a ɗakinmu zai amayar. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san labarin Nuhu, suna kuma girmama shi. Mu je wurin mai unguwa da limamai cikin ladabi, mu nemi a yi aikin gayya na yashe magudanu tare, mu kuma haɗa murya wajen roƙon hukuma ta hana gini a kan hanyar ruwa, ta fara da manya kafin ta zo kan talaka.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yau gorarmu tana rataye, rana tana nan, hannuwanmu kuma ba su riƙe da bokiti. Ubangijinmu da kansa ya san ɗacin gudu, gama yana jariri Yusufu ya tashi da dare ya ɗauke shi da mahaifiyarsa zuwa Masar. Ya kuma gaya mana a Matiyu sura 25 cewa a ranar shari'a zai tambaye mu yadda muka yi da baƙo, domin a cikin baƙon nan shi ne ya zo. Dattijon da muka iske zaune a kan turmi yana nan a cikinmu har yanzu, waɗansu kuma suna tafe a bayansa. Ko za su iso da gudu ko da ƙaura, wani sashe na amsar yana hannunmu a wannan rani.

Mu yi addu'a. Ya Allah Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, kai ne mai aiko da ruwa, kai ne kuma mai ba bayinka hankali su gane alamun zamani. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasarka. Ka ji ƙan waɗanda ambaliya da fari suka raba da gidajensu, ka ba waɗanda suka mutu hutawa ta har abada. Ka ba shugabanninmu tsoronka, domin kada su mai da wahalar talaka abin ciniki. Ka ba dattawanmu ƙarfin zuciya su yanke shawara mai wuya a kan lokaci, mu kuma ka buɗe ƙofofinmu da hannuwanmu. Maryamu Uwarmu, wadda ta san hanyar Masar, da Waliyi Yusufu mai tsaron Iyali Mai Tsarki, ku yi roƙo dominmu. Muna roƙon wannan ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.